Ina neman sakataren jam'iyya a mazaɓarmu, amma an ce mini an gama masalaha

Auwalu: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, kuma zan ɗan tsawaita don ku gane inda na tsaya. Shekaruna 32, malamin lissafi ne ni a wata sakandare mai zaman kanta a cikin birnin Kano. A zaɓen 2019 da na 2023 ni ne ajan na jam'iyyarmu a akwatin ƙofar gidanmu. A 2023 ban bar wurin ba sai da aka ƙirga ƙuri'a ta ƙarshe, na sa hannu, na raka takardar sakamako har wurin tattarawa na mazaɓa, na dawo gida bayan ƙarfe biyun dare. Ban faɗi wannan don a yaba mini ba, sai don ku san ba jiya na shigo ba.

Yanzu wa'adin shugabannin jam'iyya na mazaɓa ya zo ƙarshe, za a sake sababbi. Ina son kujerar sakatare. Dalilina ɗaya ne: shekara huɗu ba mu da rubutaccen bayanin taro ko guda, kuma babu wanda zai iya gaya maka adadin masu katin jam'iyya a mazaɓar nan. Duk abin da ya zo daga sama, shinkafa ce ko fom ɗin tallafi ko gurbin aiki, sai dai mu ji an raba.

Shekaranjiya na je gaida ɗaya daga cikin iyayen jam'iyya, na faɗa masa niyyata. Ya karɓe ni hannu bibbiyu, ya sa mini albarka, sannan ya ce kujerar sakatare an gama maganarta, an ba ƙanin wani mai taimakon jam'iyya da kuɗi. Mutumin nan ya fi shekara biyar da tashi daga unguwarmu. Ya ce in karɓi mataimakin sakataren yaɗa labarai. To jama'a, in sayi fom in tsaya, ko in karɓi abin da aka ba ni, ko in haƙura gaba ɗaya?

Sadiku: Wa alaikassalam. Auwalu, ni ina gaya maka ne saboda na sha. Ka haƙura. Na nemi shugaban matasa a tamu mazaɓar, na yi wata uku ina bin gida-gida, na kashe kuɗin da na tara don sayen keken ɗinki. Ranar zaɓe muka taru a firamare tun hantsi, har la'asar ba wanda ya zo. Da daddare muka ji a rediyo an yi zaɓe lafiya. Har yau raina bai daina ɓaci ba idan na tuna mutanen da suka bar sana'arsu suka tsaya a rana saboda ni.

Hajiya Ladi: Ɗana Auwalu, kafin kowa ya ce maka tsaya ko sauka, amsa mini abu uku. Akwati nawa ne a mazaɓarku, kuma a guda nawa kake da mutumin da zai tashi tsakar dare idan ka kira shi? Na biyu, dattijon da ka je wurinsa, shi kaɗai ne mai rubuta sunaye ko yana da abokan zama? Na uku, sunanka da na mutanenka suna cikin rijistar jam'iyya, ko dai kati ne kawai a aljihu? Na yi shugabar mata a mazaɓa shekara takwas, kuma duk wanda na ga ya faɗi, a ɗayan ukun nan ya faɗi.

Auwalu: Hajiya, Allah ya ƙara girma. Akwati 26 ne. Wanda nake da mutum na haƙiƙa, in na faɗi gaskiya, guda tara. Masu zama su rubuta sunaye su biyar ne: shugaba mai barin gado, kansila, tsohon kansila, da dattawa biyu. Rijista kuwa ban taɓa ganinta da idona ba. An ce tana wurin sakatare mai ci, shi kuma ya ce ya miƙa ƙaramar hukuma.

Hajiya Ladi: To ka ga aikinka. Tara cikin 26, kuma mutum ɗaya cikin biyar ka gani. Ba a gama komai ba tukuna, kai ne ba ka fara ba.

Barista Nura: Ina so in fara da abin da ya sa ake faɗa a kan wannan kujera, don wasu suna ganin ƙaramin abu ne. A Najeriya babu ɗan takara mai zaman kansa. Daga kansila har shugaban ƙasa, sai jam'iyya ta tsayar da kai, kuma ita jam'iyyar ƙasanta mazaɓa ce. Ƙasar nan tana da mazaɓu 8,809, Kano kaɗai tana da 484 a ƙananan hukumomi 44. Duk wani babba da kake gani a Abuja, katinsa na jam'iyya daga wata mazaɓa ya fito, kuma shugabannin mazaɓar nan suna iya taɓa shi.

An gani a aikace. A watan Nuwamba na 2019 shugabannin mazaɓar Adams Oshiomhole a ƙaramar hukumar Etsako ta Yamma a jihar Edo suka dakatar da shi, alhali shi ne shugaban APC na ƙasa. Mutane suka ɗauka wasa ne. A Maris na 2020 wata babbar kotu a Abuja ta dogara da wannan dakatarwa ta ce ya daina kiran kansa shugaba, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a watan Yuni, kwanaki kaɗan bayan haka aka rushe kwamitinsa aka kawo Mai Mala Buni riƙon ƙwarya. A Maris na 2023 mazaɓar Iyorchia Ayu, shugaban PDP na ƙasa a lokacin, a Gboko ta jihar Binuwai ta yi masa irin wannan, kotu ta shiga, ya matsa gefe, Umar Damagum ya hau riƙon PDP. Mu nan gida ma, a Afrilun 2024 wasu da suka ce su ne shugabannin mazaɓar Ganduje a Dawakin Tofa sun sanar da dakatar da Abdullahi Umar Ganduje, shugaban APC na ƙasa a lokacin. Wannan bai sauke shi ba a lokacin, amma sai da aka yi ta zarya a kotuna.

A duk irin wannan shari'a abin da alƙali yake tambaya shi ne: an kira taro? Wa ya aika takardar gayyata? Mutum nawa suka zauna, wa ya sa hannu? Duk wannan aikin sakatare ne. Sannan ga batun daliget, wato wakilan da ake turawa su zaɓi ɗan takara. A zaɓen fid da gwani na 2022, saboda yadda aka rubuta sashe na 84 na dokar zaɓe ta shekarar, zaɓaɓɓun daliget ne kaɗai suka yi ƙuri'a, manyan da suka saba shiga saboda muƙaminsu suka koma 'yan kallo. APC ta ɗauki biyar daga kowace mazaɓa don zaɓen ɗan takarar gwamna, PDP ta ɗauki uku. Wanda yake riƙe da shugabannin mazaɓa shi yake da ta cewa a kan su wa za su zama daliget. Shi ya sa mai kuɗin nan yake son ƙaninsa a wurin. Ya san abin da yake saye.

Sadiku: Barista, duk misalan da ka kawo, ai manya ne suka yi amfani da 'yan mazaɓa don su kayar da abokan hamayyarsu. Ba talakawan mazaɓa ne suka farka da kansu ba. Wannan shi ne abin da yake ƙona mini rai. Ana tunawa da mu ne ranar da ake buƙatar sa hannunmu.

Barista Nura: Ban musa ba, Sadiku. Amma sa hannun da ake buƙata har a zo nemansa, yana da daraja. Tambayar ita ce hannun wa ne, mai sayarwa ko wanda zai ce a kawo hujja tukuna.

Alhaji Musa: Ni tsohon shugaban jam'iyya ne na mazaɓa, kuma na zauna an yi masalaha da ni ba sau ɗaya ba. Zan faɗi abin da matasa ba sa son ji. Masalaha ba koyaushe take zalunci ba. Mazaɓa a cikin birni ba unguwa ɗaya ba ce, za ka tarar da unguwa huɗu ko biyar, kowace da mai unguwarta da masallacinta da tarihinta. Idan aka ce ƙato bayan ƙato, unguwar da ta fi yawan jama'a ita za ta kwashe shugaba da sakatare da ma'aji da shugaban matasa, sauran su tashi a tutar babu. Ranar babban zaɓe kuma su zauna a gida, ko su yi mana anti-fati. Shi ya sa muke zama mu kasafta: shugaba ya fito daga nan, sakatare daga can, shugabar mata daga wancan lungu. Har ƙabilun da suke zaune tare da mu muna ware musu kujera, don su ma suna da ƙuri'a.

Na kuma ga layi ya raba zumunci. Mutum ya juya ya ga surukinsa a bayan abokin takararsa, shekara uku ba sa gaisawa. Na ga an kawo 'yan jagaliya daga wata unguwa sun shiga layi, an tashi da fasasshen kai. Wanda bai taɓa kai yaron mutane asibiti da jini a riga ba, ba zai gane abin da ya sa dattawa suke gudun layi ba.

Amma Auwalu, abin da aka yi maka ba shi ne masalahar da na sani ba. Masalaha sai an kira duk mai nema, an zaunar da shi, an ji ta bakinsa, an roƙe shi ya janye, ya ce ya yarda. Idan aka rubuta suna a ɗaki aka aiko maka da labari, wannan ɗauki-ɗora ne. Ka tambaye su abu ɗaya: a kasafin da aka yi, wace unguwa aka ba sakatare? Idan unguwarku ce, to kana da magana mai ƙarfi, don wanda ya tashi shekara biyar ba zai ci rabon unguwa ba alhali masu kwana a cikinta suna nan. Idan kuma ba unguwarku ba ce, ka san da dukan tsarin kake faɗa, ba da mutum ɗaya ba.

Kuma ka shirya wa abin da yake bayan kujerar. Babu albashi. Daga ranar da aka rantsar da kai, ƙofar gidanka ta zama ofis. Mai takardar asibiti, mai suna, mai kuɗin jarrabawar ɗa, wanda 'yan sanda suka kama wa yaro. Ba za su yarda ba ka da shi ba. Ni sai da na sayar da fili a wa'adina na biyu. Albashin malamin makaranta zai ɗauki wannan?

Auwalu: Na gode Alhaji, wannan magana ta shige ni. Na bincika yanzu a waya, unguwarmu aka ba sakatare, kuma da sunan gidansu na gado aka kawo shi. Batun kuɗi kuwa gaskiya ba ni da shi. Abin da nake da shi shi ne rubutu da lokaci. Shekara uku ina cike wa yaran unguwa fom ɗin JAMB da na neman aiki kyauta, ina rubuta wa zawarawa takardar neman taimako. Ban sani ba ko wannan zai tsaya a madadin kuɗi.

Alhaji Musa: Zai tsaya a wurin jama'a. A wurin masu zama biyar ɗin nan kuwa sai ka nuna musu cewa jama'ar suna bayanka.

Maryam: Ku yi haƙuri in shigo da tawa. Ni ma ina son in nemi ma'aji a tamu mazaɓar, na karanta akanta, ina riƙe da asusun ƙungiyar matan unguwarmu shekara shida ba a taɓa neman naira ɗaya an rasa ba. Da na faɗa sai aka ce ai mata kujerarsu shugabar mata, kuma akwai mai ita. Ko zaman masalahar ma da daddare ake yi a ɗakin wani, inda mace ba za ta je ba. Mu ne muke cika layi ranar zaɓe tun asuba, kowa ya sani. Me ya sa idan an zo rabon kujeru sai a tuna mu mata ne?

Hajiya Ladi: Maryam 'yata, wannan ciwo na daɗe da shi. Matan Arewa ba su samu damar jefa ƙuri'a ba sai a rabin ƙarshe na shekarun 1970, bayan 'yan'uwanmu na Kudu sun daɗe suna yi. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri da duka a zamanin NEPU a kan wannan magana. To ƙuri'ar mun samu, kujerar ce har yanzu ake ba mu da cokali. Ki nemi ma'ajin. Ki je da littafin asusun ƙungiyarku a hannu, ki ajiye a gabansu. Kuma kada ki je ke kaɗai, ki tafi da shugabar mata mai ci, ki nuna mata ba kujerarta kike nema ba, ƙarin kujera kike nemo wa mata. Idan ba ki yi haka ba, ita za a fara zugawa a kanki. Batun zaman dare, ni da kaina na sa aka mayar da namu bayan la'asar a ofishin jam'iyya. Na ce musu idan ba haka ba, ranar gangami su nemo matan da za su cika musu fili. Sati biyu aka canza.

Kai kuma Auwalu, ga yadda ake yi. Ka bar Facebook tukuna. Hoton fosta da dogon rubutu ba sa kawo mutum ɗaya layi, sai dai su sa dattawa su ce yaron nan ya fara kai mu kasuwa. Ka sayi littafi mai bango, ka ware shafi biyu ga kowane akwati. Ka je wurin ajan-ajan ɗin da kuka yi aiki tare a 2023, su ne 'yan'uwanka na gaskiya, don su ma sun sha rana an manta da su. Kowanne ya ba ka sunan masu katin jam'iyya a akwatinsa da lambar katin. Ka shiga gidaje ta hannun mata. Matarka ko yayarka ta raka ka, don a cikin gida ake sanin wanda yake tare da wa. Ka je majalisar masu shayi, ka je wurin 'yan adaidaita sahu na bakin layi, ka je gaisuwar mutuwa ko ba ka san mamacin ba. Idan littafin nan ya kai akwati 18 ko 20, ka ɗauke shi ka bi sauran mutum huɗun ɗaya bayan ɗaya. Kada ka ce musu za ka yi faɗa. Ka ce, Baba ga abin da na tattara wa jam'iyya, na kawo ku gani. Ɗan siyasa yana iya ƙin gaskiya, amma ba ya ƙin lissafin ƙuri'a. Kansila musamman, shi ne zai fi kowa kallon littafin nan, don shi zai sake neman mutanen.

Ba a fafe gora ranar tafiya, ka riga ka makara da wata biyu. Amma ka fara yau.

Baba Garba: Jikana ne yake rubuta mini, ni nake faɗa. Na shiga PRP tun 1978 ina saurayi, na yi mata aiki a cikin birni har aka zaɓi Abubakar Rimi gwamna a 1979. Abin da nake so yaran nan su sani, a lokacin mu muke ba jam'iyya kuɗi, ba ita take ba mu ba. Da kuɗinka za ka sayi kati. Idan za a yi taro, mai tebur ya kawo abin da ya samu, mai faskare ya kawo, mai ɗinki ya ɗinka tuta kyauta. Saboda haka idan aka zo zaɓen shugaban reshe, babu mai cewa an gama magana, don kowa yana da gumi a ciki. Mun gaji wannan daga iyayenmu 'yan NEPU, waɗanda suka kafa ta a nan Kano ranar 8 ga Agusta 1950, aka ɗaure su, aka kore su daga garuruwansu, ba su bari ba. Gidan Malam Aminu Kano a Gwammaja kowa yana shiga, ba a tambayar ka ɗan wa ne.

Ba zan ce muku zamaninmu babu aibu ba. Mu ma mun rabu gida biyu, ɓangaren santsi da na taɓo, aboki ya daina gaida aboki, har Rimi ya koma NPP, Sabo Bakin Zuwo ya ci zaɓen 1983 bayan rasuwar Malam. Na yi kuka a kan wannan rabuwa. Amma ko a lokacin, a kan ra'ayi muka rabu, kuma kowa ya san dalilinsa.

Abin da ya lalata mazaɓa shi ne ranar da mutum ɗaya ya fara biyan kuɗin hayar ofis, ya sayi fom ɗin kowa da kowa, ya sayi tabarma da kujeru. Wanda ya saya maka fom shi ne mai kujerar, kai riƙo kake yi masa. Auwalu, in za ka tsaya, kada ka bari kowa ya saya maka. In ba ka da shi, mutanen akwatunan nan tara su haɗa maka, ko ɗari bibbiyu ne. Wanda ya sa ɗari biyunsa zai zo layi ko ana ruwa.

Malam Habu: Allah ya saka wa Baba da alheri. Ni abin da nake so in tuna wa Auwalu shi ne, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gargaɗi Abdurrahman ɗan Samura kada ya nemi shugabanci, domin wanda aka ba shi saboda ya nema ana barin sa da shi, wanda kuma aka ba shi bai nema ba ana taimakon sa. Wannan ya sa nake jin nauyi idan na ga ana rububin kujera.

Auwalu: Malam, wannan ya hana ni barci kwana biyu. Amma na ga Annabi Yusuf, alaihissalam, ya nemi a ɗora shi a kan taskokin ƙasa saboda ya san zai tsare kuma ya san aikin. Ban kai ƙurar takalminsa ba, amma idan na yi shiru, na san wanda zai riƙe rijistar.

Malam Habu: Malamai sun yi wannan bayani, kuma haka ne, idan mutum ya san zai iya kuma yana tsoron abin ya faɗa hannun da zai tozarta shi. To ka binciki zuciyarka, ka yi istihara. Kuma ka ɗaure wa kanka tun yanzu cewa ba za ka ɓata sunan abokin takararka ba, ba za ka ba wa yaran mutane ƙwaya ko makami ba, kuma ranar da aka kawo maka takardar taron da ba a yi ba, ba za ka sa hannu ba. Wannan ta ƙarshen ita za ta fi yi maka wuya, don waɗanda suka taimake ka ne za su kawo ta.

Barista Nura: Bari in ƙara abin da doka ta tanada, da kuma iyakarta. Sashe na 223 na kundin tsarin mulkin 1999 ya wajabta wa jam'iyyu su riƙa zaɓen shugabanninsu ta hanyar dimokuraɗiyya, a tsakanin da bai wuce shekara huɗu ba. Dokar zaɓe ta 2022, lokacin da take aiki, ta ce jam'iyya ta sanar da INEC aƙalla kwana 21 kafin taron zaɓen shugabanni, ta kuma miƙa mata rijistar 'ya'yanta kwana 30 kafin ranar. Ka nemi kundin jam'iyyarku da ƙa'idojin da uwar jam'iyya ta fitar don wannan zaɓe, ka karanta da kanka: kuɗin fom, mutum nawa za su tsaya maka, ranar rufewa, da kwamitin sauraron ƙorafi. Ka biya ta hanyar da aka tsara, ka riƙe rasit, ka yi hoton fom ɗin, wanda ya karɓa ya sa hannu a kwafinka. Fom da yawa suna ɓata tsakanin mazaɓa da ƙaramar hukuma.

Amma kada ka sa ranka a kotu. Ku tuna 2021 a nan Kano, APC ta yi zaɓen shugabanni gida biyu, ɓangaren Gwamna Ganduje ya fitar da Abdullahi Abbas, ɓangaren Sanata Ibrahim Shekarau ya fitar da Ahmadu Haruna Ɗanzago. Babbar kotu a Abuja ta ba ɓangaren Shekarau gaskiya a ƙarshen shekarar, kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin a Fabrairun 2022, Kotun Ƙoli ta tabbatar da rushewar a watan Mayu. Shekarau tsohon gwamna ne kuma sanata mai ci a lokacin, da manyan lauyoyi, ƙarshe barin jam'iyyar ya yi. Kotuna sun fi karkata ga cewa shugabancin jam'iyya harkar cikin gida ce. Abin da za ka samu, a mazaɓa za ka same shi, kafin a aika sunaye sama.

Sadiku: Auwalu, na karanta duk abin da aka rubuta. Har yanzu ina tsoron a yi maka abin da aka yi mini. Amma na gane kuskurena, ni jama'a kawai na tara, ban je wurin masu rubuta suna ba ko sau ɗaya, na ɗauka layi zai wadatar. In kana buƙatar mai zagayawa da kai, ina da babur, ka kira ni.

Auwalu: Jama'a, na dawo bayan kwana tara. Na sayi littafin da Hajiya ta ce. Ni da Sadiku da ajan-ajan shida mun kai akwati 17, mun rubuta mutum 412 masu kati. Abin da ya ba ni mamaki, kusan kashi ɗaya cikin uku ba su san ma za a yi zaɓen shugabanni ba. Mutanen akwatuna sun haɗa mini kuɗin fom kamar yadda Baba Garba ya ce, wata tsohuwa mai ƙosai ta ba da ɗari biyar ta ce in rubuta sunanta. Na saya, na mayar, rasit yana hannuna.

Na ga mutum uku cikin huɗun da suka rage. Tsohon kansila ya ce yana tare da ni a fili. Shugaba mai barin gado ya saurare ni bai ce komai ba. Kansila ya riƙe littafin ya fi minti ashirin yana buɗawa, ya tambaye ni ko zan ba shi kwafi, na ce idan na zama sakatare na jam'iyya ne gaba ɗaya. Jiya da daddare kuma aka aiko mini wani abokina da saƙo cewa in janye a ba ni mataimakin sakatare, da alƙawarin za a mayar mini da kuɗin fom ninki uku. Na ce kuɗin ba nawa ba ne balle in karɓi ninkinsa. Batun mataimaki kuwa ban ba da amsa ba, don gaskiya zuciyata ta rabu biyu. Wanda ake so a ba ba ya zama a unguwa, ke nan aikin duk ni zan yi, amma sa hannun nasa ne.

An kira zama ranar Alhamis bayan la'asar a ofishin jam'iyya, an ce duk mai neman kujera ya zo.

Alhaji Musa: Kiran zaman nan shi ne nasarar farko, da ba su yi niyyar kira ba. Ka je da mutum biyu kawai, dattijo ɗaya daga unguwarku da ajan ɗaya. Kada ka tara matasa a ƙofa. Ka bar dattijon ya fara magana, shi zai tambayi inda abokin takararka yake kwana.

Hajiya Ladi: Kada ka karɓi mataimaki kafin Alhamis. In za ka karɓa ma, a gaban kowa, kuma da sharaɗin rijista da littafin taro suna ofis, ba a gidan wani ba. Maryam, ke ina labarin naki?

Maryam: Na je wurin shugabar mata da littafin asusun, Hajiya. Ta ce za ta raka ni wurin shugaba ranar Asabar. Fom ɗin ma na karɓo, saura mutum biyu su sa mini hannu.

Auwalu: Allah ya ba da sa'a, Maryam. Sadiku, gobe bayan azahar in ka samu dama, akwatunan bayan makabarta guda huɗu suka rage mana a wancan ɓangaren, ina so mu gama su kafin Alhamis.